Ƙyanda ta shiga gidan maƙwabtanmu, jaririyata kuma wata bakwai

Uwar biyu:
Assalamu alaikum. Don Allah ku ba ni shawara, hankalina a tashe yake. Ƙyanda ta kama yara biyu na maƙwabciyata. Jiya ƙuraje suka feso musu, ga shi shekaranjiya ɗayan a ɗakinmu ya wuni yana wasa da yarona. Shekarar yarona uku, allurar rigakafin ƙyanda ɗaya aka yi masa, ni na yi sakaci da ta biyun. Jaririyar kuma watanta bakwai. Yaya zan yi?

Ma'aikaciyar jinya:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ki kai su asibiti yau, kada ki jira sai jiki ya yi zafi. Mai ƙyanda yana yaɗa ta tun kwana 4 kafin ƙuraje su fito, ƙwayar cutar kuma takan yi har awa 2 a iskar ɗaki bayan ya fita. Allurar da aka yi cikin kwana 3 da haɗuwa da mai cutar tana iya tare ta, ko ta rage mata ƙarfi. A wata 9 aka saba yi wa jariri ta farko, amma idan cutar ta ɓarke ana yi tun daga wata 6. Da kin isa ki faɗa wa ma'aikatan asibitin tun a bakin ƙofa cewa yaranki sun haɗu da mai ƙyanda, kada ki zauna a layi cikin jarirai.

Baban marainiya:
Baiwar Allah, ki ji maganarta. Na ɗauka ƙyanda ƙuraje ne kawai, a sha wahala mako guda a tashi. 'Yata ta tashi, amma idonta na hagu bai ƙara gani ba. Bitamin A da ake ba mai ƙyanda don kare ido, mun makara kafin mu kai ta. Har yau abin yana cina.

Malamin makaranta:
Abin da ke damuna, jaririyarki ba ta da kariya sai ta mutanen da ke kewaye da ita. Sai kusan 95 cikin 100 sun yi allura biyu cutar ke rasa hanyar wucewa. Gida ɗaya ya bari, jaririn wani gidan ne ke kwanciya.

Uwar biyu:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Mun dawo yanzu, an yi wa dukansu biyun, an ce in sa musu ido har mako uku. Maƙwabciyar tawa tana da ƙarami da bai kamu ba tukuna. Na kira ta a waya, ta ce gobe da safe za ta kai shi.