Gyaran salansa da zafin injin babur: abin da makanikai suka ce

Tattaunawar da wasu makanikai da masu babur suka yi a Garwa, a ƙasar Kamaru, ta ta'allaƙa ne kan injin da ke ɗaukar zafi a doguwar tafiya, musamman a hanyar Marwa mai nisan kusan kilomita 200, inda zafin watan Afrilu kan haura digiri 40.

Yawancinsu sun gargaɗi masu huda salansa ko cire cikinta da sunan bai wa injin numfashi. Dalilinsu shi ne, idan hayaƙi ya samu hanyar fita da yawa alhali ba a ƙara man da kabureta (na'urar da ke haɗa fetur da iska) ke bayarwa ba, iska takan rinjayi fetur, kuma hakan ƙara wa injin zafi yake yi, har ya kai ga ƙona bawul. Duk wanda ya sauya salansa, in ji su, lallai ne ya daidaita kabureta, sannan ya kwance filogi ya duba: idan bakinsa ya yi fari fat, mai ya yi kaɗan, idan ruwan ƙasa ne, an dace. A ganina wannan ce shawarar da ta fi nauyi.

Sun yarda cewa salansar da baƙin hayaƙi ya toshe tana riƙe zafi, amma wankewa take bukata.

Wani dattijo a cikinsu ya ce a fara da duba baƙin mai da kuma taɓon da ke maƙalewa tsakanin haƙarƙarin injin, wato siraran ƙarafan da ke jere a jikinsa, tunda iska ce ke sanyaya injin irin waɗannan babura, ba ruwa ba. Ya kuma hana watsa wa injin mai zafi ruwa, domin ƙarfen na iya tsagewa.