Inkonkulusif dai inkonkulusif, wai ba mu da tamu kalmar ne?

Jama'a ku zo mu yi wata shawara. Jiya a wani zaman wayar da kai kan zaɓe da ƙungiyoyin farar hula suka shirya a nan Bauchi, mai bayani ya ambaci inkonkulusif ya fi sau goma, sai wata baba daga baya ta ɗaga hannu tace "ɗana wannan abin da kake ta faɗa ba shi ne maguɗi da Turanci ba?" Wallahi kowa ya yi dariya, ni kam ban yi ba, domin kuwa haka akasarin mutanenmu suka ɗauke ta.

Kuma ba laifinsu bane. Kalmar ta shigo mana ne da zafinta a 2019, an yi zaɓen gwamna ran 9 ga Maris, INEC tace na Bauchi da Kano da Sokoto da Adamawa da Filato da Binuwai bai kammalu ba, mu nan ga rigimar sakamakon ƙaramar hukumar Tafawa Ɓalewa har da zuwa kotu, aka sake fita wasu rumfuna ran 23 ga wata kafin daga bisani aka ce Ƙaura, wato Bala Mohammed, ya kada gwamna mai ci a lokacin, M.A. Abubakar. Tun lokacin ko shinkafa ce bata dahu ba sai kaji yara sun ce inkonkulusif.

Alhali ma'anar lissafi ce kawai. Idan tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu bata kai yawan masu zaɓen rumfunan da aka soke ko ba a yi zaɓe a cikinsu ba, baturen zaɓe ba zai bayyana wanda ya ci ba sai an je an yi waɗancan rumfunan. Ko ana fakewa da ita a yi wani abu daban, wannan kuma zancen wata rana ne.

Gidajen rediyo suna cewa zaɓen da bai kammalu ba. Daidai ne, amma ya yi tsawo, ba ya zama a baki, shi yasa ta Turancin ta cinye kasuwa.

Na tambaya a majalisarmu da daddare. Wani yace kunnen doki, nace a'a malam, ai ba ƙwallo bane, akwai wanda ke kan gaba. Canjaras ma haka. Zagaye na biyu kuma nasa daban, shi ne idan ba wanda ya cika sharaɗin tsarin mulki, misali kashi 25 cikin ɗari a kashi biyu bisa uku na ƙananan hukumomi, kuma duk jihar ake sake fita. Cike gurbi na wanda ya rasu ne ko ya sauka. Wani ɗan iska yace zaɓen kwantai, mun sha dariya amma dai a'a.

Wanda ya kama ni shi ne na wani dattijo mai awon hatsi a kasuwar Muda Lawal. Yace "yaro idan ka auni masara tiya goma ka bani kuɗin takwas, ciniki ya ɓaci?" Nace a'a Baba. Yace "ya ƙare?" Nace da saura. Yace "to ai sunansa ciko, kuma wanda ka bayar na nan a aljihuna ba a sake ƙirga shi daga farko."

Nan fa. Ƙuri'un da aka riga aka ƙirga suna nan daram, ragowar kawai za a kawo a ɗora.

Don haka ni shawarata, inkonkulusif ya zama zaɓe da ciko, wanda ake fita daga baya kuma cikon zaɓe. Gwada a bakinka: "na Adamawa da Kebbi a 2023 da ciko aka tashi, an yi cikon ran 15 ga Afrilu." Ko babar nan ta jiya ba sai an mata fassara ba.

'Yan Gombe da na Azare, ku ma ciko kuke cewa a kasuwa ko kuna da wata? Masu sa ido da 'yan rediyo musamman ku nake jira.