Na sa hannu a yarjejeniyar mujalla, zan iya ɗora maƙalata a intanet?

Malam_Kawo: Assalamu alaikum malamai. Wata mujallar waje ta buga maƙalata, na kuma sa hannu a takardar miƙa haƙƙin mallaka. Ɗalibanmu na Jami'ar Jihar Kaduna (KASU) suna son karantawa amma sai an biya. Ya halatta in ɗora PDF ɗin a ResearchGate, shafin da masu bincike ke raba maƙalunsu?

Hajiya_Laburare: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka ɗora wannan. Maƙala ɗaya kwafi uku gare ta: wanda ka fara turawa, wanda aka amince da shi bayan gyaran masu tantancewa, sai wanda mujallar ta tsara da tambarinta da lambobin shafi. Na ukun nasu ne tunda ka sa hannu, kuma shi ne ake sa ResearchGate ta sauke. Na biyun, wato fayil ɗin Word na ƙarshe da ka tura wa edita, yawancin manyan mawallafa sun yarda a ajiye shi a rumbun jami'a, wato ma'ajiyar bincikenta ta intanet, sau da yawa bayan wata 12 ko 24. Nemi sunan mujallar a Open Policy Finder, shafin ƙa'idojin mujallu na ƙungiyar Jisc ta Birtaniya, wanda a da ake kira Sherpa Romeo, za ka ga wa'adinta. Rumbun jami'a daban, ResearchGate daban. Mawallafa da yawa sun yarda da rumbun jami'a, sun hana ResearchGate saboda kamfanin kasuwanci ne. Matsalar dai ita ce mutanenmu ba sa ajiye wannan fayil na Word, sai a neme shi a rasa.

Dakta_Samaru: Hajiya ta gama magana. 'Yan ABU suna da nasu rumbun, Kubanni. Wanda ba shi da rumbu ya sa a Zenodo, rumbun intanet na kowa da kowa, idan ƙa'idar mujallar ta bari, kyauta ne.

Barista_Barnawa: Malam, a gaba ka karanta kafin ka sa hannu. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ba ta ɗaukar miƙa haƙƙi sai a rubuce, don haka abin da takardar ta ce shi ne hukunci. Ka haɗa mata ƙarin sharaɗi na SPARC (ƙungiyar ɗakunan karatu mai fafutukar buɗe bincike ga kowa), wanda ke bar maka ikon koyarwa da rabawa. Wasu editoci na karɓa, wasu a'a. Idan kuɗin bugawa ne cikas, duba DOAJ, kundin mujallun da ake karantawa kyauta, akwai mujallu da yawa da ba sa karɓar ko kwabo, kuma lasisin CC BY na barin kowa ya raba muddin ya ambaci sunanka.