Saɓanin ciniki da mai saye na ƙetare: kotu, sulhu ko masu raba gardama?

Ɗan Galmi, Tawa:
Assalamu alaikum. Muna fitar da albasa zuwa Abijan da Akra, kuma akasarin cinikinmu bisa amana yake tafiya, sai waya da shaidar dillali. Yanzu wani sabon mai saye ya kawo takardar yarjejeniya wadda ta ce idan saɓani ya taso ba za a je kotu ba, za a kai maganar gaban masu raba gardama da ɓangarorin biyu suka zaɓa. Ina roƙon masana su fayyace mini ko hukuncin irin waɗannan mutane yana da ƙarfin da zai sa a biya mu kuɗinmu.

Lauya daga Yamai:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Yana da ƙarfi ƙwarai, kuma manyan ƴan kasuwar duniya sun daɗe da karkata zuwa wannan hanya, domin hukuncin kotun ƙasarka yakan yi wuyar zartarwa a wata ƙasa. Sai dai Abijan da Akra ba ɗaya ba ne. Nijar da Kodebuwa suna cikin ƙasashe 17 na ƙungiyar OHADA, waɗanda suke da dokar kasuwanci guda tun bayan yarjejeniyar 1993, kuma kotunsu ta bai-ɗaya, CCJA, tana Abijan. Idan ta amince da hukuncin da aka yanke ƙarƙashin tsarinta, ana iya zartar da shi a dukkan ƙasashen. Gana ba ta cikin OHADA, don haka a can yarjejeniyar New York ta 1958 kan zartar da hukuncin masu raba gardama a wata ƙasa ce madogararku, wadda Nijar da Gana duk suka shiga. Kada ka sa hannu sai ka ga birnin da za a zauna, da harshen zaman, da dokar da za a bi.

Hajiya mai fatauci, Yamai:
Alhaji, ni shawarata ku nemi a fara rubuta sulhu kafin komai. Albasa ba ta jiran shari'a, kuma mai sayen da ka kayar a gaban alƙali da wuya ya sake kiranka baɗi. OHADA ta kafa dokar sulhu a 2017, sannan yarjejeniyar Singafo ta 2019 ta zo don a riƙa zartar da sulhun kasuwanci tsakanin ƙasashen da suka shige ta.

Lauya daga Yamai:
Hajiya ta yi gaskiya. Abin da zan ƙara shi ne kuɗi: ɓangarorin ne ke biyan masu raba gardama, kuma a kan mota ɗaya ta albasa ladarsu na iya cinye ribar. Tun annobar korona a 2020 ana yawan yin zaman ta bidiyo, saboda haka ku sa a rubuta cewa kuna iya halarta daga Tawa, kuma mutum ɗaya ne zai yanke hukunci maimakon uku.