Mun san ranar da Exodus ya fito, to yaushe Ɗanƙwairo ya yi Mai Dubun Nasara?

Mai Gyaran Rediyo, Tsohuwar Kasuwa:

Assalamu alaikum 'yan zaure. Wani abu ne ya tsaya mini a rai tun ranar Asabar, na ce bari in kawo shi nan ko a dace da masu sani.

Sana'ata gyaran rediyo da rikoda, kuma kafin waya ta kashe kasuwar kaset na yi kusan shekara ashirin ina ɗauka ina sayarwa. Ranar Asabar ɗin muna kwashe kayan ɗakin marigayi yayana, Allah ya jiƙansa, sai na jawo wani akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Faya-fayan garmaho goma sha ɗaya ne a ciki, da kaset-kaset da har yanzu ban gama ƙirgawa ba. Cikin faya-fayan akwai Exodus na Bob Marley, wanda ya sayo a Legas zamanin yana tuƙin babbar mota. Gara ta ci gefen kwalin, amma faifan lafiya lau.

Ɗana na biyu ya karɓa, ya duba waya, nan take ya karanto mini tarihinsa. Ya fito ranar 3 ga Yuni, 1977. A Landan aka ɗauke shi, bayan 'yan bindiga sun harbi Marley a gidansa na Kingston cikin Disamban 1976, ya bar Jamaika. Ya ce a 2027 faifan zai cika shekara 50. Na ce to duba mini Thriller na Michael Jackson, don wannan kam da hannuna na kwafe shi ba adadi, samarin Sabon Gari da 'yan makarantar kwana ba su bar ni na huta ba. Ya ce 30 ga Nuwamba, 1982, kuma da ya cika shekara 40 a 2022 sai da aka sake buga shi da ƙarin waƙoƙi. Hatta Sweet Mother ta Prince Nico Mbarga, ta nan gida Najeriya, an san a 1976 ta fito.

Sai na zaro kaset ɗin Ɗanƙwairo daga akwatin, na ce masa saura wannan, faɗa mini ranar da aka yi Mai Dubun Nasara. Yaro ya yi ta latse-latse har aka kira la'asar. Abin da ya samo shi ne Alhaji Musa Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, shi ke nan.

Abin ya dame ni, domin ina da hannu a ciki. Lokacin da muke ɗaukar kaset, mutum zai kawo wanda ya aro a wurin wani, wanda shi ma daga rediyo ya naɗa. Sau da yawa akwai muryar mai gabatarwa a farko, yana faɗin wa aka yi wa waƙar, wani lokaci har da garin da aka yi ta. Ni kuma kaset mai minti sittin gare ni, talatin kowane gefe, ina son waƙa uku su shiga. Sai in yanke maganar. In rubuta a baya da jan biro, Ɗanƙwairo na 1, Ɗanƙwairo na 2. A lokacin ban ɗauke shi komai ba, yanzu kuwa ina jin ciwonsa, don wani bayanin da na yanke ba lalle ya saura a ko'ina ba.

Tambayata biyu ce. Akwai hanyar da mutum zai bi ya gane shekarar tsohuwar waƙar baka? Sannan idan muna son mu ma mu riƙa cewa waƙa kaza ta cika shekara hamsin ko sittin, daga ina za mu fara ƙirga?

Dattijon Kanwuri:

Wa alaikumus salam. Malam mai gyara, Allah shi jiƙan yayanka, shi kyautata namu zuwan. Tambayar ga taka ta yi daɗi, sai dai ina ganin ka yi awo da mudun da ba namu ba.

Mutanen ga na waje, waƙa haja ta gare su. Kamfani ka biyan kuɗɗin ɗauka, shi buga faifai, shi sa ranar kai shi kasuwa. Tilas su rubuta rana, tunda da ita aka lissahin riba. Makaɗin fada ko ba don kasuwa shika waƙa ba, ubangida garai. Narambaɗa na Sarkin Gobir na Isa Amadu na. Jankiɗi na Sarkin Musulmi Abubakar na. Sa'idu Faru ya yi ma Maccido waƙa tun shina Sarkin Kudu. Ɗanƙwairon da kaka tambaya, kotso ya gada ga ubanai Ɗankwanda da wanai Kurna can Maradun, tun kahin Sardauna shi jawo shi kusa. Waƙa ta kan hito ranar Salla, ko ranar naɗi, ko daren Jumu'a ƙofar fada, ba wanda ka riƙe da alƙalami wurin.

Kuma abin da nika so ka lura, waƙa guda ba haihuwa guda gare ta ba. Bana a yi ta da ɗiya bakwai, wato baitoci, baɗi a ƙara ukku. Wani ya yi kyautar doki, an saka shi ciki. Wani ya yi rowa, an yi mai zambo. Gindin waƙa, wato amshin da aka maimaitawa, na nan inda shike, ɗiyan ka sauyawa. Ni da kunnena na ji Bakandamiyar Shata kala-kala, wadda anka yi wanga gari daban da wadda anka yi wancan. To wace za ka ce ita ta cika shekara hamsin?

Ga Mai Dubun Nasara, abin da zan ba ka shaida kai shi na, ina ɗan shekara goma sha biyu anka kashe Sardauna, 15 ga Janairu, 1966, cikin azumi. Shina da rai anka yi mai ita. Saboda haka in za ka ƙirga, daga nan ka yi baya, kar ka yi gaba.

Malamar Hausa, Arkilla:

Baba Dattijo, Allah ya ƙara lafiya, maganarka haka take. Amma ka yi mini izini in ɗan ja a wuri ɗaya. Gaskiya ne waƙar tana girma, to amma abin da ke cikin kaset ɗin Malam ba dukkan waƙar ba ne, zama ɗaya ne da aka yi a rana ɗaya aka naɗa. Wannan zaman yana da shekara, kuma sau da yawa waƙar da kanta take tona ta. Da muna dalibai a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, irin aikin da aka riƙa sa mu ke nan.

Malam, ka sa kunne a kan sarauta tukuna. Da wace sarauta mawaƙi ya kira mutum? Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya yi mulki daga 1938 zuwa 1988, Dasuki daga 1988 zuwa 1996, Maccido daga 1996 zuwa 2006. Idan ka ji ana kiran Maccido Sarkin Kudu, ka san kafin 1996 ne. Haka hakimai, kowane yana da shekarar naɗi, kuma iyalansu sun sani.

Kuɗi sun fi komai saurin tona asiri. Mawaƙi ba ya ɓoye abin da aka ba shi. Idan ka ji fam da sule, mai yiwuwa kafin 1 ga Janairu, 1973 ne, ranar da naira da kwabo suka fara aiki, ko da yake tsofaffi sun daɗe suna lissafi da fam bayan nan, don haka kar ka dogara da shi shi kaɗai. Idan kuwa ka ji naira, to babu shakka bayan nan ne. Takardar naira ashirin mai hoton Murtala sai a Fabrairun 1977 ta fito. Sunan jiha ma haka: Arewa maso Yamma daga 1967, jihar Sakkwato daga 1976, Kabi ta fita a 1991, Zamfara a 1996. Ka haɗa alama biyu ko uku, sai ka ga tazarar ta matse zuwa 'yan shekaru.

An yi aiki mai yawa a rubuce, sai dai bai iso kasuwa yadda ya kamata ba. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya tattara matanin waƙoƙin baka da tarihin makaɗa, Farfesa Aliyu Muhammad Bunza ya yi littafi guda a kan Narambaɗa, Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun yi a kan Shata. Ka kuma leƙa Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu, tana nan kusa da kai.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne waƙoƙin mata. Barmani Coge ta yi suna, mun san ta rasu a 2013. Amma masu kiɗan ƙwarya na cikin gidajen Sakkwato, da waƙoƙin daka da na niƙa da na reno, wa ya naɗe su? Idan ka ci karo da muryar mace a akwatin nan, don Allah ka ware mini shi daban.

Ɗan Mabera:

Kawu, ni a ganina mu fara da abin da ke hannu. Ranakun rasuwa dai mun san su. Shata 18 ga Yuni, 1999. Ɗanmaraya Jos 20 ga Yuni, 2015. Kwana biyu ne tsakani, mako guda ya ishe mu tuna su tare. Masoya Bob Marley duk 11 ga Mayu sai sun cika Facebook da hotonsa, tun 1981 da ya rasu ba su gaji ba. Mu me ya hana mu?

Na biyu, kaset ɗin nan ba za su jira ba. Zafin Afrilu na garin nan kaɗai ya isa ya manne zaren. Ina da wayar da ake haɗa rikoda da kwamfuta, in ka yarda in zo shago ranar Lahadi mu fara juye su. Duk wanda muka juye sai mu rubuta abin da muka sani a kansa, ko da sunan wanda ya kawo shi ne kawai.

Dattijon Kanwuri:

Ɗana na Mabera, juyewar na yarda da ita ɗari bisa ɗari, Allah shi yi maka albarka. Ranar rasuwa ko, addu'a ta dace da ita, ba kiɗi ba. Bayin Allah ga sun riga mu gidan gaskiya, gahwara suka biɗa. In za a yi zaman saurare, a sa shi wata rana can daban. Malama, na karɓi gyaranki. Sai dai ki ƙara guda cikin lissahinki: 'yan amshi. Ɗiyan Ɗanƙwairo sun riƙe kiɗin gidansu, kuma ƙauyukan Maradun da Isa da Gandi ba a rasa tsohon da ya tsaya bayan makaɗi ya karɓa mai. A tambaye su tun suna iya ba da labari.

Mai Gyaran Rediyo, Tsohuwar Kasuwa:

Na gode ƙwarai, Baba Dattijo, Malama, da kai ɗana. Jiya da dare na gwada abin da Malama ta faɗa, kuma ina so ku ji yadda ta kaya.

Akwai wani kaset a akwatin da babu rubutu ko ɗaya a jikinsa. Zaren ya tsinke kusa da farko, na buɗe shi na ɗinke da ɗan salatif, na mayar da 'yar audugar da ke danne zaren don ta saki. Da na kunna, ashe ba na rediyo ba ne. Yayana ne ya ɗauka da rikodarsa a wajen wani biki. Kalangu ne, mai kiɗan ba sananne ba ne, irin na ƙauye mai bin bukukuwa. Ana jin guɗa, ana jin kukan jaki daga nesa, ana jin wani yana cewa a matsa da yara. Wajen minti goma sha biyu sai maroƙi ya ɗaga murya yana shelar cewa wane ya ba da 'yar Murtala. Na tsayar, na mayar baya, na sake ji. Na ce to, bayan Fabrairun 1977 ke nan.

Da safe na ɗauki rikodar na kai wa gwaggonmu a Runjin Sambo. Ta haura tamanin, idonta ya yi rauni, amma kunne garau. Ba a yi minti biyu ba ta ce a tsaya, ta gane mai guɗar, ƙawarta ce da ta rasu tuntuni. Ta ce bikin ƙanwarmu ne da aka kai Wurno, kuma da kaka ne, an gama yankan gero, shekarar da Shagari ya hau mulki. Shagari kuwa 1 ga Oktoba, 1979 aka rantsar da shi. Ta sa na kunna mata sau uku. A na ukun ta yi shiru tana share hawaye da gefen mayafi, don akwai inda muryar mahaifinmu ta fito yana yi wa baƙi sannu da zuwa, ni ban ma gane shi ba sai da ta faɗa.

Na samo sabuwar takarda na rubuta: Wurno, kakar 1979, bikin ƙanwarmu, ɗaukar yayana, shaidar gwaggo. Na saka a cikin kwalin.

Malama, na sami biyu masu muryar mata, ɗaya kamar kiɗan ƙwarya ne, na ware miki. Ɗan Mabera, ka zo Lahadin bayan azahar, shagona na layin masu gyara, ka tambayi mai tsofaffin rikoda kowa zai nuna maka. Faya-fayan ne ban san yadda zan yi da su ba tukuna, domin garmahon yayana babu allura, kuma robar da ke juya shi ta narke. Idan akwai mai tsohon garmaho a gida da ba ya amfani da shi, ko ya lalace, ina so, zan ciri abin da nake bukata a jikinsa.