Hostal ko haya a Ɗanbare? Ku ba ni shawara

Ɗan Haɗeja:
Salamu alaikum jama'a. Allah Ya sa na samu gurbi a Jami'ar Bayero, fannin aikin gona, a sabon matsuguni da ke kan titin Gwarzo. Abokaina biyu da muka gama sakandare tare sun ce mu haɗa kuɗi mu kama ɗaki a Ɗanbare ko Rimin Gata, unguwannin da ke kusa da makarantar. Baba kuwa ya ce bai san zancen ba, hostal zan zauna, wai yaron da bai taɓa kwana a Kano ba me ya kai shi gidan haya. Ni matsalata biyu ce. Ba na iya barci cikin hayaniya, sannan ina da gyambon ciki, dole in riƙa dafa abincina a kan lokaci. Waɗanda suka riga mu, me kuka gani?

Tsohon Ɗalibi:
Wa alaikumus salam ƙanena, Allah Ya sanya albarka. Kafin ka ba dillali ko sisi, ka tambayi waɗanda suka yi haya a 2022. Ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta shiga yajin aiki ranar 14 ga Fabrairu, ba ta janye ba sai 14 ga Oktoba. Wata takwas muna gida, ɗakina yana kulle da katifa da tukunyar gas a ciki, kuɗin haya kuma yana ta tafiya. Muna dawowa mai gidan ya aiko yaronsa da takarda, shekara ta cika. Na je har gida na roƙe shi, ya ce shi ba malamin jami'a ba ne, bai tafi yajin aiki ba. To me za ka ce masa? Shi kalanda yake bi, ita kuwa hostal zangon karatu take bi.

Kuma kuɗin ɗaki somin-taɓi ne. Akwai la'adar dillali, kuɗin wuta, mai gadin layi, ga 'yan ga-ruwa idan rijiya ta ja baya a watan Afrilu. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023, kuɗin adaidaita sahu ma sai ka ware masa nasa kason. Idan da Naira 20,000 ta NELFUND, asusun gwamnati na ba ɗalibai bashin karatu, ka dogara a wata, ka zauna ka buga lissafi tukuna.

Maman 'Yan Biyu:
Ɗana, ka ji maganar mahaifinka ko da na shekarar farko ne. A hostal za ka ji an sauya ɗakin lacca ko an matso da gwaji, tun kafin labari ya kai waje. Ka yi karatun dare a aji, ka tako da ƙafa ka kwanta. Abokan nan naka kuma, zama aji ɗaya daban, cin tukunya ɗaya daban.

Injiniya Mai Jiran Aiki:
Hajiya, a yi haƙuri, ni ban goyi bayan a tura shi ido rufe ba. A wata jami'ar na yi karatu, ba Kano ba, amma ɗakin da aka rubuta mutum huɗu mu tara muke kwana, kowa da ɗan alfarmarsa. Layin banɗaki tun kafin asuba, ga kuɗin cizo, ga wanda zai kunna waƙa ƙarfe ɗayan dare. Mai gyambon ciki da ba ya samun barci wahala zai sha. Da na koma haya a aji biyu sakamakona ya gyaru. Sai dai ni da wanda muka haɗa ɗakin mun riga mun san halin juna.

Abu ɗaya dai: gadon hostal ba ya jiran mai shawara. Da an buɗe shafin rajista ka nema, daga baya ka yi tunani. Kuma ka tambayi dokar girki, wasu makarantun sun hana risho mai lantarki.

Ɗan Haɗeja:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na karanta wa Baba maganar yajin aikin nan, dariya kawai ya yi ya ce dama ya faɗa. Zan nemi gadon. Yaya Injiniya, idan ban samu ba, ana yarda a biya hayar wata shida, ko dole sai shekara?

Injiniya Mai Jiran Aiki:
Yawanci shekara suke cewa. Amma ka je da babba ku ga mai gidan da kansa, ban da dillali, wani yakan sassauta. Kuma ka je da yamma ka leƙa rijiyar da idonka.