Babban baƙi a Turanci: shawarwarin malaman Tudun Wada

Ranar Asabar muka zauna da wasu malaman firamare a Tudun Wada, ana ta kokawa kan yaran da ke rubuta "zaria" da ƙaramin baƙi. Wata malama ta ce a yi musu uzuri: yawancinsu da allo suka fara, kuma rubutun Larabci bai san babba da ƙarami ba. Tsawa ba za ta gyara ba.

Shawarar da ta fi karɓuwa ita ce a fara da sunan yaro. Ya rubuta nasa, da na babansa, da na unguwarsu, Samaru ko Ƙofar Doka, harafin farko da jan alli. Idan hannu ya saba, a shiga ranaku da watanni, Monday, June, sai harsuna irin su English da Hausa.

Wani dattijon malami ya ce inda yara suka fi tuntuɓe shi ne kalmar "I", wato "ni", wanda ko a tsakiyar jimla babba ne. Haka "river" ƙarami ne, amma "River Kubanni" babba. Farkon jimla kuwa, yaro ya ɗora yatsa kan aya, ya duba baƙin da ke gaba.

An kawo batun bulala kan kowane kuskure. Ni dai ban goyi baya ba.